KUJERAR MAGAJIN GARIN YAMAI: MAI ƊORAWA DABAN, MAI SAUKEWA DABAN

Jawabi a gaban taron ƴan jarida da wakilan ƙungiyoyin farar hula game da mulkin birane a Nijar



Masu iya magana sun ce in kana neman sanin zurfin ruwa, tambayi wanda ya shiga. A zancen mulkin birane na ƙasar Nijar, da wuya a samu wanda ya shiga ruwan nan ya fito, ya kuma sake komawa kamar Oumarou Dogari Moumouni. Sau biyu aka zaɓe shi magajin garin Yamai, sau biyu ya bar kujerar, kuma ko sau ɗaya ba ƙuri'a ce ta sauke shi ba. Wannan shi ne abin da jawabin nan zai duba.

Kafin a kai gare shi, ya kyautu a tuna inda aka fito. Shekaru da dama bayan samun mulkin kai a 1960, gwamnati ce ke naɗa masu riƙe birane, kamar yadda take naɗa sauran wakilanta a cikin ƙasa. Bayan babban taron ƙasa na 1991 ne maganar sakar wa garuruwa mara ta yi ƙarfi. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a Fabrairun 1999, rigima ta biyo bayansa, kana kisan shugaba Ibrahim Bare Mainasara ranar 9 ga Afrilu ya binne sakamakon. Sai a watan Yulin 2004 aka samu zaɓaɓɓun majalisu a kwamin 265. A 2010, zamanin riƙon ƙwaryar Salou Djibo, sabuwar doka ta bai wa Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram matsayi na musamman, kowanne da majalisar birni. A tsarin nan talakawa na zaɓen konseye, su kuma konseye su zaɓi magajin gari a cikinsu. Amma dokar ta bar wa taron majalisar ministoci ikon tsige magajin gari, da ikon rusa majalisar ɗungum. A nan gizo ke saƙa.

Bayan zaɓen Janairun 2011, konseye na Yamai suka ɗora Dogari, ɗan jam'iyyar Moden Lumana ta Hama Amadou. A lokacin Lumana na cikin ƙawancen da ya kai Mahamadou Issoufou gadon mulki, Hama Amadou kuwa na shugabancin majalisar dokoki. Birnin da ya gada ba ƙaramin kaya ba ne: unguwanni na yaɗuwa fiye da ƙarfin hukuma, shara na toshe magudanan ruwa, sannan a Agustan 2012 kogin Isa ya cika ya tumbatsa, ya cinye gidaje masu ɗimbin yawa, musamman a Harobanda.

A Agustan 2013 Hama Amadou ya raba gari da masu mulki kan batun gwamnatin haɗin kan ƙasa. A watan Satumba, majalisar ministoci ta tsige Dogari. Gwamnati ta kafa hujja da rashin kyakkyawan riƙon dukiyar birni. Magoya bayansa suka ce bi-ta-da-ƙulli ne kawai. Babu mai hankalin da zai yi rantsuwa cewa wani magajin gari ya fi ƙarfin bincike. Amma in laifin mutum bai fito fili ba sai makonni kaɗan bayan jam'iyyarsa ta koma adawa, talaka na da damar ya tambaya: shin da ƙawance bai watse ba, da an ga laifin?

Wanda ya gaje shi, Assane Seydou, shi ma konseye ne suka zaɓe shi, kuma shi ma bai tsira ba. A Yulin 2017 aka tsige shi, ana kuka da ƙazantar birni da yadda ake tafiyar da shi. Ba da jimawa ba aka rusa majalisar baki ɗaya, aka naɗa kwamitin riƙo a ƙarƙashin Mouctar Mamoudou. Zaɓen da ya kamata a yi tun 2016 aka yi ta ɗage shi har zuwa 13 ga Disamban 2020. Ashe ke nan babban birnin ƙasa ya yi fiye da shekara 3 a hannun mutanen da ba wanda ya jefa musu ƙuri'a. Gaskiya ne a cikin waɗannan shekaru an yi wa Yamai kwalliya domin taron ƙolin Tarayyar Afirka na Yulin 2019. Amma da ruwan 2020 ya mamaye Lamorde da Saga da Kirkisoy, mai gidan da ya rushe ba shi da zaɓaɓɓen wakili a majalisar birni da zai je ya tsare da tambaya.

Da aka buɗe akwatunan Disamban 2020, Yamai ta sake bai wa Lumana rinjaye, kuma a Afrilun 2021 Dogari ya koma kujerar da aka raba shi da ita kusan shekara 8 baya. Wannan hukuncin masu zaɓe ne, ko da kuwa ba hukuncin alƙali ba ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya ci gaba da riƙe birnin na wasu watanni, har zuwa Afrilun 2024, lokacin da Janar Abdourahamane Tiani ya rusa majalisun ƙananan hukumomi na ƙasa duka, aka damƙa Yamai ga Kanar Boubacar Soumana Garanké.

Kada a ɗauka ciwon na Yamai ne kaɗai. A Maraɗi an tsige magajin gari Kassoum Moctar a 2014. A 2016 ya tsaya takarar shugaban ƙasa, daga baya ya zama minista a gwamnatin shugaban da a zamaninsa aka tsige shi. To in bai cancanci riƙe birni ɗaya ba, ta yaya ya cancanci riƙe ma'aikatar ƙasa? In kuwa ya cancanta, me ya sa aka ƙwace wa Maraɗawa wanda suka zaɓa?

Illar wannan al'ada a fili take. Magajin garin da ya san ba talaka ne zai sauke shi ba, fadar shugaban ƙasa yake kallo, ba jujin unguwa ba. Wanda bai san ko zai ga baɗi a kan kujera ba, ba ya shiga aikin magudanar ruwa mai cin shekaru. Yanka filaye da sayarwa ya fi masa sauri. Shi kuma ɗan kasuwar da ake bi kullum da tikiti, da mai shagon da ke biyan fatanti, in sun ga ƙuri'arsu ba ta da nauyi, sai hannunsu ya yi sanyi wajen biyan lanho. Asusun birni ya bushe, shara ta taru, gwamnati ta samu sabuwar hujjar tsigewa.

Duk ranar da aka dawo da zaɓen majalisun birane, akwai abubuwa uku da ya wajaba a gyara. Na farko, kada a tsige zaɓaɓɓe sai an bayyana rahoton bincike ga jama'a, kuma alƙali ya saurari ɓangarorin biyu. Na biyu, in an rusa majalisa, doka ta yanke gajeren wa'adi na sake zaɓe wanda ba mai ikon ɗage shi. Na uku, kowane magajin gari ya liƙa lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita a ƙofar ofishinsa, a kuma karanta shi a rediyo da Hausa, da Zabarmanci, da sauran harsunan ƙasa, domin mai tallar tumatir ta san inda dalarta ta tafi.

Labarin Dogari bai wanke shi ba, bai kuma kama shi da laifi ba. Wannan aikin kotu ne. Abin da ya nuna shi ne cewa daga 2011 zuwa 2024, duk magajin garin da mutanen Yamai suka ɗora, wani hannu daban ne ya sauke shi.

Allah ya ba ƙasa lafiya da shugabanni masu adalci.