Surka Fiksa da Hotunan Dajin Kamuku



Mu da muka tashi a ƙasar Birnin Gwari mun san dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, aka kuma mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999. Da 'yan bindiga suka mamaye shi, an yi shekaru mai kyamara bai isa ya leƙa ba, sai muka koma ga tsofaffin nagatif ɗinmu don mu ga itatuwan doka da ruwan Dogon Ruwa. Wasu muka tarar garau, wasu kuwa sun yi ja kamar an zuba musu shayi. Laifin ba na kyamara ba ne. Rowar fiksa ce.

Ga yadda abin yake. Fim a shafe yake da gishirin azurfa. Sinadarin farko yakan baƙanta inda haske ya taɓa, amma sauran gishirin yana nan kwance, in an bar shi zai ɓata hoton sannu a hankali. Aikin fiksa shi ne narkar da wannan saura. Wani Bature ɗan Ingila, John Herschel, shi ya gano sinadarin da ke yin haka a 1819.

To, nawa za a surka? Fiksar Ilford Rapid Fixer, in don fim ce, kashi 1 ake zubawa cikin kashi 4 na ruwa. Wato ga tankin da ke cin mililita 300, sai a auna 60 na fiksa, 240 na ruwa. Kashi 1 cikin 9 da wasu ke yi na takardar hoto ne kaɗai. Mun san kwalbar da tsada, mu ma aljihunmu na ɗalibai ne, amma wanda ya tsinka ta kamar kunun bazara, ranar zai ga hotonsa lafiya lau, sai bayan shekaru ya gane.

Ruwan rijiya a tace shi da ƙyalle mai tsabta. Ana son sanyinsa ya kusanci digiri 20, saboda haka da zafi a ɗebo na randa.

Akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. A yanko ɗan bakin fim, a tsoma cikin fiksar, a duba agogo har ya washe ana gani ta cikinsa. Ninki biyu na wannan lokaci za a ba fim ɗin. Ran da washewar ta ɗauki ninkin lokacin da take ɗauka tana sabuwa, fiksar ta gaji.

Gajiyayyar kuwa cike take da azurfa mai kashe halittun ruwa. Kada a zubar kusa da rijiya ko rafin da ke gangarawa kogin Mariga. A tara ta a jarka, a rubuta sunanta a jiki, a ajiye inda yara ba sa kaiwa.