Charles Wesley: Limamin Kiristan da Ya Sauka daga Doki Ya Zauna da Iyalinsa

(Jawabin da aka yi a taron ƙungiya a Matameye)



An ce in yi magana a kan rayuwar wani mutum da za mu ƙaru da ita. Wanda na ɗauko Bature ne, kuma limamin Kirista, sunansa Charles Wesley. Wani zai ce ina ruwan mutumin Matameye da limamin Ingila wanda ya mutu tun 1788? To, abin da ya hana shi barci shi ne ke hana da yawa daga cikinmu barci yau: aiki yana kiran mutum a hanya, iyali suna kiransa a gida.

An haife shi a watan Disamba na 1707 a wani ƙaramin gari, Epworth, a ƙasar Ingila. Ubansa Samuel limamin cocin garin ne, uwarsa Susanna kuwa ta haifi ƴaƴa 19, wajen rabinsu suka rasu suna jarirai. Ya yi karatu a Jami'ar Oksfod. A can ne shi da wansa John da ƴan abokansu suka riƙa taruwa don addu'a da karatu bisa tsari mai tsanani, har ɗalibai suka laƙaba musu sunan tsokana, Metodis, watau masu bin ƙa'ida. Sunan ya bi su. Cocin Metodis da waɗansunku ke wucewa ta gabansa a Ikko ko Akara ko Abijan daga nan ya samo asali, kuma a 1842 ne mai wa'azinsu Thomas Birch Freeman ya sauka Badagiri.

A 1735 aka naɗa shi limami, ya bi wansa zuwa Jojiya a Amurka, zaman bai yi daɗi ba, ya komo a 1736. A watan Mayu na 1738 yana kwance ba lafiya ya sami natsuwar zuciya game da addininsa, kwana 3 bayan haka wansa ma ya samu. Daga 1739 suka fita wa'azi a fili, a bakin kasuwa da saura da ƙofar ramin haƙar kwal, irin wanda ake haƙa a Cirozerin. Manyan coci ba su so haka ba. An jefe su, an rushe ɗakunan da suke taruwa. Charles yakan shiga gidan kaso na Newgate a Landan ya zauna da waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, gari ya waye ya raka su har gindin igiya.

Amma da waƙa aka san shi. Ya rubuta waƙoƙin addini fiye da 6,000. Ku lura, baitoci yake tsarawa, karin kuwa na wasu ne, har babban mawaƙin nan Handel ya sa wa 3 daga cikinsu kari. An ce a bisa doki yake tsara da yawa, yana rubutawa a ƴan takardu da gajeren rubutu, in ya sauka ya nemi alƙalami da tawada kafin ya gaisa da masu gida. Dalilin waƙoƙin ba ɓoyayye ba ne. Yawancin masu sauraronsa ba su iya karatu ba. Sai mai ja ya faɗi layi, jama'a su amsa, karatu ya zauna a ka, mace tana wanki tana rerawa. Mu wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Haka Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi da waƙoƙin wa'azi, haka ƴarsa Nana Asma'u ta yi da ƴan taru, waƙa ta shiga gidan da malami bai taɓa takawa ba. Lokacin da Wesley ya rasu, Shehu yana da shekara 30 da ƴan kai, yana yawon wa'azi a ƙasashen Gobir da Zamfara. Ba su san juna ba, addini ba ɗaya ba, amma dabarar koyarwa ɗaya ce.

Yanzu ga maganar gida, wadda ita ce ta kawo ni.

Sai da ya shekara 41 ya yi aure. Yarinyar, Sarah Gwynne, ƴar wani mai arziki ce a ƙasar Wales, shekarunta 22, kuma an shaide ta da murya. Uwarta ta ce ba ta ba da ƴarta ga mutumin da ba shi da gida sai bayan doki, sai an tabbatar mata da fam 100 kowace shekara. Iyayenmu mata, na ga kuna murmushi, surukar Ingila da ta Kance ashe ba su da bambanci. John ya ɗauki alkawarin za a fitar da kuɗin daga cinikin littattafansu, shi ne kuma ya ɗaura auren ran 8 ga Afrilu 1749. Suka kama ɗan gida a Biristol. Da fari amarya takan hau bayansa a doki su tafi wa'azi tare.

A ƙarshen 1753 abubuwa suka haɗe masa. John ya kwanta ciwo a wajen Landan har ana zaton ba zai tashi ba. A Biristol kuma agana ta kama Sarah. Tsakanin garuruwan nan biyu ya fi kilomita 160, a kan doki, cikin hunturu, ya yi ta kai da kawowa. Wansa ya warke. Matarsa ta tashi, amma agana ta ɓata mata fuska har ta koma kamar tsohuwa. Ɗansu na fari, mai wata 16, cutar ta ɗauke shi a farkon 1754. Ƴaƴa 8 Sarah ta haifa, 5 suka binne suna ƙanana. Uku suka rayu: Charles a 1757, Sarah a 1759, Samuel a 1766.

Bayan 1756 ya daina dogon yawon wa'azi. Bai bar limanci ba, yana wa'azi a Biristol, yana zuwa Landan, amma kewayen ƙasa ya ƙare. Gaskiya ba iyali kaɗai ne dalili ba. Jikinsa ba ƙwari, ga kuma saɓani da wansa, don shi yana tsoron kada mabiyansu su ɓalle daga Cocin Ingila. Duk da haka mutane suka yi ta gunaguni, wai mace ta zaunar da shi. John kuwa bai sauka daga doki ba har tsufa. Ana ƙiyasta ya yi tafiyar mil 250,000 ya yi wa'azi wajen 40,000. Ya auri wata gwauruwa, Mary Vazeille, a 1751, da sharaɗin ba zai rage tafiya ba. Auren bai yi albarka ba, ta bar shi, ba su haihu ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Sai dai a nan Charles ma yana da nasa laifin. A 1749 John ya so wata mace, Grace Murray, wadda ta saba da wahalar hanya. Charles ya ga ba ta dace ba, ya yi gaggawa ya sa aka ɗaura mata aure da wani mai wa'azi kafin wan ya farga. A ganina wannan shisshigi ne babba, ko da ya yi shi da kyakkyawar niyya.

Zaman gida ya fito a waƙoƙinsa. A 1763 ya fitar da littafin waƙoƙin yara, a 1767 na iyali, mai ɗauke da addu'o'in mace mai naƙuda da na yaro mara lafiya. Wanda bai kwana a gindin gadon ɗa mai zazzaɓi ba, ba zai tuna ya yi wa wannan waƙa ba.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaran maza biyu tun suna ƙanana suka gwanance da kiɗa, Samuel yana shekara 8 ya tsara doguwar waƙa a kan labarin Rut na Littafi Mai Tsarki. Don su sami malamai, uban ya kama gida a Landan a 1771, daga baya iyali suka koma can. Daga 1779 ya riƙa buɗe gidansa, manyan gari suna biya suna zuwa sauraron yaran suna kaɗa ogan da goge irin na Turawa. Mabiya suka ce ina limami ina taron kiɗa? Mu ma mun san yadda ake kallon ɗan malami in ya rataya kalangu. Bai hana su ba. Hujjarsa ita ce gara su yi a gabansa da su je su yi a inda ba ya gani. Amma zama kusa da ɗa bai sa ɗa ya bi ra'ayin uba ba. A 1784 Samuel ya koma ɗariƙar Katolika, abin ya yi wa tsohon ciwo ƙwarai.

Ƴan'uwa ƴan ci-rani, kada wani ya ce na zo in gaya masa ya zauna gida. Wesley yana da fam 100 a shekara. Mu gonar da ta ci da mutum 5 jiya ita ake so ta ci da 20 yau, hatsi ya ƙare tun kafin bazara. Ba wanda ya manta Oktoban 2013, da aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara, da yawa daga wannan yanki namu. Ba don sha'awa suka fita ba. Abin da nake roƙo shi ne wanda Allah ya buɗa wa ya yi lissafi irin na mutumin nan: shekara nawa zan ƙara, wa ke gida, wane ne zai girma ban gan shi ba? Dattawa kuma, in yaro ya komo ya ce ya gaji da hanya zai zauna, kada a yi masa gorin da aka yi wa Wesley.

Ya rasu ran 29 ga Maris 1788 yana da shekara 80, iyalinsa na kewaye da shi, John yana can wajen wa'azi. Ya bar wasiyya kada a binne shi a filin cocin da wansa ya gina, a kai shi maƙabartar cocin unguwarsu ta Marylebone, don a cikin Cocin Ingila ya rayu. Sarah ta kai shekara 96, ta rasu a 1822. Jikansu Samuel Sebastian Wesley, wanda aka haifa a 1810, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu tsara kiɗan coci a Ingila. Waƙoƙin kakan kuwa an juya su cikin harsuna masu yawa, kuma duk wanda ya taɓa yin Kirsimeti a Ikko ko Akara, da wuya bai ji ɗaya daga cikinsu tana fitowa ta tagar coci ba.

 Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.