Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Jawabi ga Iyayen Ɗaliban Mayahi da Tasawa kan Karatu a Ƙasashen Waje



Kowace shekara, idan damina ta kankama aka ba da sakamakon bak, gidaje da dama a Mayahi da Tasawa, da Kanambakashe da Maijirgi da Urafan, sukan shiga murna da zullumi a lokaci guda. Yaro ya ci jarrabawa, ya ce waje yake son tafiya. Uba ya dubi rumbu, ya dubi garke, ya dubi jarin kanti, sannan ya fita neman wanda ya san hanya. To, a nan ne ake yawan tafka asara, domin shawarar da ya kamata a yanke tun kakar bara, sai a yanke ta cikin mako biyu, a bakin tasha, bisa maganar dillali.

Karatu a waje fatauci ne mai dogon zango. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba sa ɗaure kaya sai sun san kasuwar da za ta karɓi hajarsu in sun komo, sun auna guzuri, sun san hanya, sun kuma san mai masaukinsu. Haka ya kamata uban ɗalibi ya yi lissafin dawowa tun kafin a tashi.

Hajar da za a kawo

Tambayar farko ita ce, wane karatu ne, kuma lalle sai an fita waje kafin a same shi? A zamanin da jami'ar Yamai ce kaɗai jami'ar gwamnati a ƙasar nan, fita ta zama tilas ga masu neman fannoni da yawa. Amma tun 2010 akwai jami'a a Maraɗi, wadda ke ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, inda ake koyar da aikin gona, da kimiyya, da aikin likita. A shekarar ce kuma aka kafa ta Damagaram da ta Tahoua. Masu son karatun Larabci da addini suna da jami'ar Musulunci ta Say tun 1986. Tsarin karatun jami'a a yau hawa uku ne: lisans shekara uku, masta shekara biyu, dokta shekara uku. Sau da yawa ya fi sauƙi ga aljihun uba, ya kuma fi amfani ga yaro, ya yi lisans a gida, sannan ya fita neman masta da hankalinsa da sakamakon da zai jawo masa tallafi. Fita tun daga bak takan dace idan fannin babu shi a gida, ko kuma makarantar ta shahara a kansa, kamar makarantar likitancin dabbobi ta Dakar, ko ta injiniyoyin ruwa da muhalli ta Wagadugu.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko nauyi: in yaro ya dawo da takardarsa, gwamnati za ta yarda da ita? Ba duk ginin da aka kafa wa allon jami'a ne jami'a ba. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Najeriya ya fallasa yadda ya sayi digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin makonni shida, bai taɓa zama a aji ba. A watan Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, matakin da ya rutsa har da waɗanda suka yi karatunsu da gumi. Saboda haka, kafin a biya ko dala, a bincika ko ƙasar da makarantar take ta ba ta izini, a kuma tambayi ma'aikatar ilimi mai zurfi a Yamai ko tana amincewa da takardunta. Akwai hukumar CAMES, wadda shugabannin ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suka kafa a Yamai cikin 1968, hedkwatarta tana Wagadugu, tana kuma da jerin digirorin da ta tantance. Ma'aikacin gwamnati ya fi kowa sanin cewa takardar da ba a daidaita ta da ta gida ba, ba ta shigar da mutum jarrabawar ɗaukar aiki, balle ta ƙara masa matsayi.

Takardu

Takardun da ake nema kusan iri ɗaya ne ko'ina: takardar haifuwa, takardar shaidar zama ɗan ƙasa, takardar shaidar rashin laifi daga gidan shari'a, sakamakon bak da na shekarun lise, hotuna, fasfo, da katin allurar shawara, wadda tun 2016 sau ɗaya ake yin ta, ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Kofen kowace takarda sai hukuma ta buga masa hatimi. Idan ƙasar ba ta aiki da Faransanci, sai an kai wa mai fassarar da hukuma ta rantsar.

Abin da ya fi kayar da 'ya'yan karkara shi ne suna da ranar haifuwa. Yara da yawa a ƙauyukan Mayahi da Tasawa ba a yi musu takarda ranar suna ba, sai daga baya alƙali ya ba da wadda ke maye gurbinta, lokacin shiga lakwal ko zana jarrabawa. Sai a tarar takarda ɗaya ta ce Mamane, ɗaya ta ce Mahamadou, ko kuwa shekarar haifuwa ta bambanta. A gida kowa ya san mutum ɗaya ne. Amma ma'aikacin ofishin jakadanci bai san haka ba, a wurinsa mutum biyu ne, kuma bambancin harafi guda ya isa ya mayar da takardu. Wanda zai shiga Najeriya ya kiyaye kada a rubuta masa Usman alhali fasfonsa na cewa Ousmane. Yadda sunan yake a fasfo, haka zai kasance a kowace takarda har ranar karɓar digiri. Gyaran irin wannan kuskure aikin gidan shari'a ne, yana kuma cin lokaci, don haka tun yaro na aji na ƙarshe a lise za a baje takardunsa a kan tabarma a gwada su ɗaya da ɗaya.

Lokaci ma takarda ne. Yawancin ƙasashe suna rufe karɓar buƙatu tun kafin a zana bak. Tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya, alal misali, a watannin Janairu da Fabrairu ake neman sa, ta intanet, ba tare da biyan ko sisi ba. Wanda ya jira sakamako ya fito kafin ya fara nema, shekara guda ta wuce shi. Daga Maraɗi zuwa Yamai kuwa tafiyar fiye da kilomita 600 ce, bai kamata a yi ta sau uku saboda takarda ɗaya da aka manta ba.

Guzuri

Hanyar kuɗi biyu ce: burs, wato tallafin gwamnati, ko kuwa aljihun iyaye. Burs na gwamnatin Nijar yana hannun hukumar ANAB, kuma ta wurin hukuma ake sanar da guraben da ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya ke bayarwa. Duk wanda ya zo ya ce yana sayar da burs, ko yana da ɗan'uwa a ofishin jakadanci, to a yi masa sallama. Ko an sami tallafin ma, a tambaya a rubuce: ya ƙunshi kuɗin jirgi? Ɗaki? Magani? A kuma sani cewa burs yakan yi jinkiri, mai gidan haya kuwa ba ya jinkiri. Ya kamata ɗalibi ya tashi da abin da zai riƙe shi wata uku ko da ba a aiko masa da komai ba.

Wanda zai ɗauki nauyin ɗansa da kansa, lissafin shekara uku ko biyar zai yi, ba na shekarar farko ba. Ga misali daga Faransa. A 2019 an yanka wa ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba kuɗin rajista na yuro 2,770 a shekara don lisans, wato fiye da sefa miliyan ɗaya da dubu 800, ko da yake jami'o'i da yawa sun yafe wani kaso. A 2024 sai ɗalibi ya nuna yana da yuro 615 a kowane wata kafin a ba shi biza, wato sama da jika 400. Kowane ɗan kasuwa ya mayar da wannan adadi buhunan wake ko na riɗi, kowane ma'aikaci ya auna shi da albashinsa, zai ga inda ya tsaya. An yarda ɗalibi ya yi aikin awa 964 a shekara a can, amma wannan na cefane ne, ba ya biyan makaranta.

Dattawa ba su manta da 12 ga Janairun 1994 ba, ranar da aka karya darajar sefa da rabi. Faran ɗin Faransa guda da ake saye sefa 50 ya koma sefa 100, uban da ke da ɗa a can ya kwana da nauyi ɗaya ya tashi da biyu. Tun 1999 sefa na ɗaure da yuro a kan 655.957, amma naira da dala suna hawa suna sauka. A bar rara a cikin lissafi. A kuma guji sayar da gonar gado domin kuɗin shekarar farko, saboda gonar ce za ta biya ta biyu da ta uku.

Harshe da hanya

Katsina ta fi Yamai kusa da Mayahi, shi ya sa jami'o'in Najeriya, irin su Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, da Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, ke jan hankalin iyaye. Abinci ɗaya, harshen kasuwa ɗaya, ga dangi. Amma Hausa a bakin ƙofar aji take tsayawa: da Ingilishi ake karatu, shiga kuma sai ta hannun hukumar JAMB. Mai bak ɗin Faransanci sai ya zauna ya koyi Ingilishi na gaske kafin ya nemi gurbi. A Turkiyya da Sin da Rasha galibi akan ba da shekara guda ta koyon harshe, sai a sa ta cikin lissafi. Mai nufin Azhar ta Masar ko jami'ar Madina, Larabcinsa za a fara dubawa.

Hanya kuma takan toshe ba da laifin ɗalibi ba. A 2022 yajin aikin malaman jami'a ya rufe jami'o'in gwamnatin tarayyar Najeriya wata takwas. Iyakar ƙasashen biyu ta rufe daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ta sake rufewa daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. A 2023 Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, a Janairun 2024 ta rufe ofishin jakadancinta. Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar CEDEAO a ranar 29 ga Janairun 2025, don haka dokar shiga da zama a kowace ƙasar maƙwabta sai an tambaye ta sabuwa, ba a dogara da yadda aka saba ba. Yaƙin Yukren a 2022 da na Sudan a 2023 sun kori dubban ɗaliban Afirka, wasu suka fito ba tare da shaidar shekarun da suka yi ba. Darasin a fili yake: a nemi gurbi a wuri fiye da ɗaya, a yi rajista a jami'ar gida kafin ta waje ta tabbata, ɗalibi kuma ya karɓi sakamakonsa a rubuce ƙarshen kowace shekara ya aiko da kofe gida.

Masauki

Kada yaro ya hau mota ko jirgi sai an san wanda zai tarbe shi da ɗakin da zai kwana. A yawancin biranen karatu akwai ƙungiyar ɗaliban Nijar, su ne suka san farashin haya da unguwar da ta dace. Ga 'ya mace, a fifita ɗakin kwanan jami'a, a kuma sami gidan mutunci da za ta riƙa zuwa. Da isarsa, ɗalibi ya yi rajista a ofishin jakadancin Nijar, ya nemi takardar izinin zama kafin wa'adin bizarsa ya cika, ya kuma sami inshorar lafiya. Fasfonsa ba abin jingina ba ne, kada ya bar shi a hannun kowa. Iyaye su ma su riƙa tambayar sakamako kamar yadda suke tambayar lafiya, domin kunya takan sa yaron da ya faɗi jarrabawa ya yi shiru shekara biyu ana aika masa kuɗi.

Dawowa

Wannan yanki yana da abin koyi na kansa. A Tasawa aka haifi Abdou Moumouni Dioffo cikin 1929. Ya yi karatu a Senegal da Faris, a 1956 ya ci babbar jarrabawar malanta ta Faransa a fannin kimiyyar fizik, sannan ya tafi Tarayyar Sobiyet ya ƙware a kan makamashin rana. Daga 1969 ya riƙe ofishin makamashin rana na Nijar, wato ONERSOL, ya kuma shugabanci jami'ar Yamai, wadda aka sa wa sunansa a 1992, shekara guda bayan rasuwarsa. Ya zaɓi ilimin abin da ƙasarsa ta fi kowa wadata da shi, ya kawo shi gida.

Asibitocin Mayahi da Tasawa na jiran likitoci, garkunan Gulbin Kaba na jiran likitan dabbobi, ƙauyuka na jiran mai sanin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Uban da ya tantance makaranta, ya daidaita takardu, ya auna guzurin shekaru, ya san masauki, ya sauke nasa nauyin. Saura na ɗan.

Allah ya ba da sa'a, ya kai su lafiya, ya maido su lafiya.