Shaidar da Sankara ke Bari a Jikin Mace

Jawabinmu na kiwon lafiya a yau ya shafi iyayenmu mata, musamman na unguwar Nuzla a kudancin birnin Jidda, inda Hausawa suka daɗe da zama. Kakannin da yawa daga cikinsu ta ƙasa suka zo, suka ratsa Chadi da Sudan, suka haye Bahar Maliya, suka sauke farali, kana suka zauna. Har wa yau ba a daina kai da kawowa tsakanin Nuzla da Kano ko Zariya ko Maraɗi ba, kuma za ku ji inda wannan ya shigo cikin zancenmu.

Sankarar da ke kama mahaifa da kewayenta iri uku ce manya: ta bakin mahaifa, da ta cikin mahaifa, da ta jakar ƙwai. A Nijeriya da Nijar ta bakin mahaifa ce ta fi yawa. A ƙasar Saudiyya kuwa ta cikin mahaifa ce ke gaba, wadda ƙiba da ciwon sukari ke ƙara haɗarin kamuwa da ita. Ashe ke nan macen Nuzla ya kamata ta san su duka.

Ba a tabbatar da sankara sai an yanko ɗan tsoka an kai wa likitan binciken tsoka. Shi ne zai daskarar da ita cikin kakin kyandir, ya fere ta siriri, ya rina, ya duba da madubin likita. Amma fa kama da wane ba ta wane. Akan sami ƙari biyu masu siffa ɗaya, wannan ya warke da fiɗa kaɗai, wancan ya dawo bayan shekara. Da can, kafin Bagobiri ya buɗe baki, zanen fuskarsa ya riga ya faɗi asalinsa. To, haka masana suka gano cewa kowace sankara tana da nata zane, watau waɗansu sinadarai da ke cikin tsokar ko cikin jini, masu faɗin asalinta da halinta.

Mu fara da bakin mahaifa. A 1983 da 1984 wani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi da abokan aikinsa suka gano nau'i na 16 da na 18 na ƙwayar cutar HPV a cikin irin wannan ƙari, abin da ya sa aka ba shi lambar Nobel a 2008. Waɗannan biyu su ke haddasa wajen kashi 70 cikin ɗari na cutar. Idan ƙwayar ta lalata birkin da ke hana ƙwayoyin jiki hayayyafa barkatai, sai wani sinadari mai suna p16 ya taru a wurin. Likita ya ɗiga rini na musamman, in tsokar ta yi ruwan ƙasa sosai, ya san abin ba ƙaiƙayi ne mai wucewa ba.

Game da cikin mahaifa, a 2013 masu bincike a Amurka suka nuna cewa abin da aka daɗe ana kasawa biyu ashe gida huɗu ne. Akwai mai shaidar POLE, wadda kan yi muni a madubi, amma da wuya ta dawo bayan an cire ta. Akwai mai shaidar p53, wadda ko ƙarama ce sai an bi ta da magani mai ƙarfi. Akwai kuma wadda ke nuna jiki ya kasa gyara kurakuran ƙwayoyin gado, kuma wani lokaci gadon gida ce, har ya zama wajibi a duba hanjin 'yan'uwa maza da mata. A 2023 ƙungiyar likitocin mata ta duniya ta shigar da waɗannan shaidu cikin ma'auninta. Amfaninsu a fili yake: wata za a sauwaƙe mata wahalar gashi da ba ta bukata, wata kuma ba za a sallame ta da rabin magani ba.

Shaidar jakar ƙwai da aka fi sani ita ce CA-125, wadda Robert Bast ya bayyana a 1981 a birnin Boston. A nan sai an yi hattara. Takan hau a jinin mai haila, da mai juna biyu, da mai ƙarin mahaifa marar illa, har da mai tarin fuka da ya sauka ciki. Sa'an nan wajen rabin matan da cutarsu ke farkon kamu ba ta nunawa. Saboda haka ba ta yanke hukunci ita kaɗai. Babban aikinta shi ne nuna ko magani yana ci. Ƙwayoyin gado na BRCA1 da BRCA2, da aka gano a 1994 da 1995, su kuma sukan yi wa mace da 'ya'yanta gargaɗi, su kuma taimaka wajen zaɓen magani.

Akwai darasi a labarin Min Chiu Li, likita ɗan asalin Sin. A 1956 a Amurka ya yi maganin sankarar mabiyiya, irin wadda kan biyo bayan cikin da babu ɗa sai ƙulle-ƙulle kamar inabi. Ƙari ya ɓace, amma sinadarin hCG bai ƙare a jikin matan ba, don haka ya ƙi dakatar da magani. Aka sallame shi daga aiki. Daga baya aka tabbata shi ke da gaskiya, kuma a yau wannan cuta tana cikin waɗanda aka fi warkarwa.

To, me ya rage gare mu? Na farko, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jini bayan ɗaukewar al'ada, ko bayan saduwa, ko kumburin ciki da ya ƙi saɓewa, duk na asibiti ne, kuma wajibin maigida ne ya kai iyalinsa. Na biyu, abin da aka ciro a fiɗa kada a gaggauta binne shi sai an gwada. Na uku, wadda aka yi wa aiki a Jidda za ta koma gida, ko aka yi mata a Kano za ta tafi Jidda, ta nemi takardar sakamako da ɗan ƙullin kakin nan. Yakan yi shekaru bai lalace ba, kuma da shi likitocin asibitin Jami'ar Sarki Abdul'aziz, ko na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, za su iya sake dubawa ba tare da an sake yanka ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata kimanin 350,000 ne sankarar bakin mahaifa ta kashe. A Oktoban 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinta kyauta. Mai 'ya a wannan tsakani kada ya yi jinkiri.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Mu kwana lafiya.