Tikitin ƙwallo a Holand ba na bakin ƙofa ba ne

Dattawan masu kallon ƙwallo ba su manta da Tijjani Babangida ba, ɗan Kaduna da ya bar Roda JC ya koma Ajax a 1996. Tun lokacin wasu ke da burin ganin filin Ajax a Amsterdam ido da ido.

To, duk wanda Allah ya kai shi can, kada ya ɗauka kamar filin Seyni Kountché na Yamai ne, inda mutum zai sayi tikiti ranar wasa ya shige. A manyan ƙungiyoyin Holand sai ka buɗe rajista da sunanka a shafin intanet na ƙungiyar, tikitin ya zo maka cikin salula. Masu tikitin shekara da masu katin ƙungiya ake fara sayar wa, baƙo ya samu abin da ya rage. In wasan na zafi ne, sau da yawa babu ragowa. Karawar Ajax da Feyenoord kuwa, tun 2009 aka hana magoya bayan baƙuwar ƙungiya shiga, saboda rigima.

Ni a ganina, baƙo ya nemi wasa da ƙaramar ƙungiya, ya saya da wuri. Ya guji 'yan bumburutu, don ana iya soke tikitin da suka sayar masa. Kuma ya fara samun bizar Schengen tukuna, domin tikitin ƙwallo ba ya ba da biza.