Jawabin Taron Damina: Mu Ɗauki Hoton Tsirran Dajin Geceme

Iyayenmu dattawa, da ku ƴan'uwa da kunka dawo daga Legas, Kwatano da Abijan don noman bana, barkanmu da ganin juna.

Maganarmu guda ce. Bara munka fita bayan gari da yara shida, haihuwar birni. Munka nuna musu anza, babu wanda ya san ta. Jama'a, anza fa! Ita ce ta riƙe gidaje da yawa nan Arewa a yunwar 1973 da ta 1984. Iyayenmu mata sun san kwana nawa ake jiƙa ƴaƴanta ana sake ruwa kafin ɗacin ya fita. In sunka kau, wa za a tambaya?

Don haka ƙungiya ta yanke shawara. Kowa yana da talho a aljihu. Daga yanzu har kaka, duk wanda ya bi hanyar gona ko ya gangara Dallol Mauri, ya ɗauki hoton abin da ya yi fure: yoɗo, gasaya, yaɗiya, sabara, geza, kalgo. Har ƙuduji, mai jan furen nan da ke shanye hatsi, a ɗauke shi. Kyawunsa yana ruɗin yaro, ya bar shi ya zuba iri. Garmani kuwa ba sai an neme shi ba, ya cinye mana makiyaya.

Amma hoto ɗaya bai isa ba. Dubi tafasa da rai-ɗore: furensu duka rawaya, daga nesa sai ka ce tagwaye. Ganye ke raba gardama. Na tafasa bakinsa a kewaye yake, na rai-ɗore mai tsini. Wancan a yi kwaɗo da shi, wannan kuwa ƴaƴansa suna cutar da bisashe. Saboda haka a ɗauki fure, a ɗauki ganye, a ɗauki kwanso, da safe kafin rana ta yi zafi fure ya yanƙwane. A riƙe sunan wurin.

Suna kuma ba talho zai ba mu ba. Ku iyayenmu ne za ku faɗa, da makiyaya da masu magani. In sunan Geceme ya saɓa da na Tibiri ko Dogon Dutsi, kada a yi musu, a rubuta duka.

Ranar Juma'a bayan masallaci, magatakarda zai zauna da littafi a zauren ƙungiya. Kowa ya zo da hotunansa, ya riƙo hannun tsoho ɗaya.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu.