Rance ko Kyauta? Jawabi ga Wakilan Ikkilisiyoyin Karkara

Maganar da ta tara mu tambaya ce da ikkilisiyoyi da dama suka aiko mana: in an tara baikon taimako, a raba shi kyauta kamar yadda aka saba, ko a riƙa ba da shi rance ga masu ƙananan sana'o'i, in sun biya a ba waɗansu? Mun ji an yi gardama a kai, har wani dattijo ya ce shi bai taɓa ganin an yi wa mutum alheri an koma ana binsa ba. Maganarsa ba ta yarwa ba ce. Amma kafin mu faɗi namu ra'ayi, bari mu ba ku labarin waɗanda suka riga mu gwada wannan hanya.

A ƙasar Bangladesh, can kusa da Indiya, an yi yunwa mai tsanani a 1974. Akwai wani malamin jami'a a Chittagong, Muhammad Yunus, wanda ya riƙa shiga ƙauyen Jobra da ke kusa da makarantarsu. A 1976 ya tarar da mata masu saƙa kujeru da gora. Ba su da kuɗin sayen gorar, sai su karɓa a wurin ɗan kasuwa, da sharaɗin shi za su sayar wa kujerun a farashin da ya ga dama. Mace ta yini tana aiki, abin da zai rage mata bai kai na cefane ba. Da aka ƙirga, mutum 42 ne a cikin wannan ƙangi, kuma jarin da suke bukata gaba ɗayansu dala 27 ne kacal. Ya ciro daga aljihunsa ya ba su rance, suka kuwa biya. Daga nan ne Bankin Grameen ya fito a 1983. Ba a neman jingina. Mutum biyar ne ke haɗa ƙungiya, ana biya kaɗan-kaɗan kowane mako, kuma kusan duka masu karɓa mata ne. A 2006 aka ba Yunus da bankin lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya.

Abin ya burge masu ba da taimako a ƙasashen Turai da Amurka. A 2005 aka kafa wata ƙungiya mai suna Kiva a Amurka, inda mutum zai shiga intanet ya ga hoton mai sana'a a wata ƙasa, ya ba da rancen dala 25. Da 'yan kasuwar Yuganda aka fara. In an biya, kuɗinsa zai dawo masa ba tare da ruwa ba, ya sake ba wani. Kun ga abin da ya ja hankalin mutane: kyauta sau ɗaya take aiki, rance kuwa yana iya zagayawa gida goma. Sai dai akwai abin da yawancin masu bayarwa ba su lura da shi ba da farko. Shi mai bayarwa bai karɓi ruwa ba, amma a mafi yawan lokuta mai karɓa yana biyan ruwa ga ƙungiyar da ke ƙasarsa, domin sai an biya ma'aikacin da zai hau babur ya bi ƙauyuka yana karɓa. Bin ƙaramin bashi yana da tsada, wannan mu ma mun san shi.

To, ina aka kwana? A 2010 abin ya ɓaci a jihar Andhra Pradesh ta Indiya. Kamfanonin ba da rance sun yi yawa, suna rige-rigen samun masu karɓa. Mace ɗaya sai ta ci bashi wuri uku ko huɗu, tana karɓar na wannan tana biyan wancan. Masu karɓar bashi suka matsa wa mutane, aka riƙa samun labarin waɗanda suka kashe kansu. Gwamnatin jihar ta kafa doka mai tsauri a watan Oktoba na shekarar, mutane da yawa suka daina biya gaba ɗaya. Sa'an nan a 2015 masana suka fitar da sakamakon bincike da aka yi a ƙasashe 6, wato Bosniya, Habasha, Indiya, Meziko, Mongoliya da Maroko. Abin da suka gani shi ne, rancen yana taimaka wa waɗansu su faɗaɗa sana'a, amma bai ɗaga kuɗin shigar yawancin gidaje yadda aka yi zato ba. A Indiya an lura cewa waɗanda suka fi cin moriya su ne masu sana'a tun kafin rancen ya zo.

A nan ne muke so mu tsaya, domin nan ne amsar tambayarku take. Ku ɗauki mata biyu a ikkilisiya ɗaya. Ta fari tana tuyar ƙosai a bakin kasuwa shekara da shekaru, tana da masu saye, ta san awonta. Damuwarta ita ce kullum mudu biyu na wake take karɓa bashi da tsada. In ta sami jarin sayen buhu da kaka, lokacin da wake ke da araha, ribarta za ta ƙaru, kuma daga cinikin kowace safiya za ta iya cire na biya. Rance ya dace da ita. Kyauta ma tana iya zame mata abin kunya, domin ba bara take yi ba. Ta biyu gwauruwa ce, rumbunta ya ƙare tun kafin damina ta yi nisa, ga yaro kwance ba lafiya. In kuka ba ta rance, magani da hatsi za ta saya, kuma daidai ta yi. Amma kuɗin da aka ci ba ya haihuwa. Ran biya ya zo, sai ta sayar da akuyarta ɗaya, ko ta je wurin mai ba da buhu ɗaya da damina ya karɓi biyu da kaka. Mun shiga da niyyar taimako, mun fito mun bar ta cikin rami mai zurfi fiye da na da. Ita kyauta ce hakkinta, ba kuma sai mun ji nauyin faɗa ba.

Har a Bangladesh ɗin ma an gane haka. Ƙungiyar BRAC ta fara wani shiri a 2002 domin waɗanda suka fi kowa talauci. Ba rance ake ba su ba. Ana ba su saniya ko awaki kyauta, da ɗan abin ci na wani lokaci don kada su sayar da dabbar, ana kuma ziyartarsu a kai a kai ana koya musu kiwo da ajiya. An gwada irinsa a waɗansu ƙasashe, har da Gana, kuma a yawancin wuraren an ga amfaninsa.

Akwai kuma wata hanya da ta fito daga nan kusa da mu. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan karkara a yankin Maraɗi a Nijar, aka sa wa shirin suna Mata Masu Dubara. Kan adashin da muka sani aka gina shi. Mata suna zubi kowane mako a asusu ɗaya, mai bukata ta ranta daga ciki ta dawo da shi da ɗan ƙari, a ƙarshen zagaye a fasa a raba uwa da riba. Ba a kawo musu ko sisi daga waje ba, koyarwa kawai aka kai musu. Ƙarin da aka biya bai bar ƙauyen ba. Wannan tsari ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta. Mu a ganinmu shi ya fi dacewa da ikkilisiyoyinmu, domin mutum yakan yi wasa da kuɗin da ya ji an ce na taimako ne, amma ba ya wasa da zubin maƙwabciyarsa.

Saboda haka ga shawararmu. Kada a mai da baikon duka rance. A ware kason gwauraye, marayu da marasa lafiya tun farko, a ba su kyauta, kada a rubuta sunansu a littafin bashi. Abin da ya rage za a iya ba da shi rance, amma ga wanda aka san sana'arsa, kuma a tambaye shi ko ana binsa a wani wuri. Lokacin biya ya bi yanayin sana'ar. Mai kiwon rago ba zai iya biya kowane mako ba kamar mai ƙosai, sai ya sayar.

Abu ɗaya muke roƙonku da babbar murya: kada fasto ya zama mai karɓar bashi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma wanda ya kasa biya kunya ce ke fara kama shi. In fasto ne ke binsa, ranar Lahadi ba za ku gan shi a sujada ba, matarsa ma za ta janye daga zumunta. A zaɓi kwamiti na mutum uku ko biyar, mata su fi yawa, mai riƙe akwati daban, mai riƙe makulli daban, mai rubutu daban. A ƙirga kuɗi a gaban kowa. A kuma yanke tun yau abin da za a yi in gobara ko rasuwa ta sami wanda ake bi, kada sai abin ya faru a fara jayayya a gidan makoki.

Ikkilisiyar da take so a aiko mata mai koyar da tsarin asusu, sai wakilinta ya ba sakatare sunan ƙauyen da ranar da ba ta kasuwa ba, kafin a tashi. Za mu fara zagayawa bayan an gama girbi. Yanzu sai mu ji tambayoyinku, mu fara da iyayenmu mata.